Kofi, Lig da Ladan Ɗan Wasa: Farkon Tarihin Gasannin Ƙwallon Zari-ruga

1.0 Gabatarwa

Ƙwallon zari-ruga shi ne wasan da Turawa suke kira Rugby, da sunan wani gari na tsakiyar ƙasar Ingila inda makarantar da ta raini wasan take. Sunan da Hausa ta laƙaba masa ya fi na Ingilishi bayyana yadda ake yin sa, domin kuwa ɗan wasa yakan zari ƙwallon ne da hannu ya ruga da shi, abokan karawa suna ƙoƙarin kayar da shi kafin ya kai layin gidansu ya dangwala shi a ƙasa. Ƙwallon yana da siffar ƙwai, kuma ba a jefa wa abokin wasa shi ta gaba, sai dai ta baya ko ta gefe.

Wanda ya kwatanta tarihin wannan wasa da na ɗan'uwansa ƙwallon ƙafa zai ci karo da wani abin mamaki. A ƙasa ɗaya aka haife su, kuma shekara takwas ce kawai tsakanin kafuwar ƙungiyoyinsu, ta ƙwallon ƙafa a 1863, ta zari-ruga a 1871. Amma ƙwallon ƙafa ya sami kofin ƙasa tun 1871, ya sami lig a 1888, alhali uwar ƙungiyar zari-ruga ta Ingila ba ta yarda da kofin ƙasa na kulob-kulob ba sai a 1971, ba ta kuma yarda da lig ba sai a 1987. Jinkirin shekara ɗari ya wuce a kira shi mantuwa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun gasannin farko na zari-ruga, ta nuna cewa da gangan shugabannin wasan suka riƙa gudun gasa, domin sun fahimci cewa gasa tana jawo 'yan kallo, 'yan kallo suna kawo kuɗi, kuɗi kuma yakan fitar da wasa daga hannun waɗanda suka ƙago shi ya miƙa shi ga waɗanda suka fi iya shi.

Gasa iri uku za a ambata. Ta farko ita ce ta kofi, watau sili-ɗaya-ƙwale, inda duk wanda aka ci ya fita. Ta biyu ita ce lig, inda kowane kulob zai kara da kowane, gida da waje, a tara maki, wanda ya fi maki a ƙarshen kakar wasa ya zama zakara. Ta uku ita ce ta ƙalubale, inda mai riƙe da kambi yake zaune a gidansa, masu so su ƙwace su zo ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Daga Makaranta zuwa Ƙungiya

Labarin da ya fi yaɗuwa game da asalin wasan shi ne cewa a cikin shekarar 1823 wani ɗalibin makarantar Rugby mai suna William Webb Ellis ya ɗauki ƙwallo ya ruga da shi ana tsakiyar wasa. Masana tarihi ba su ba wannan labari ƙarfi ba. Wani tsohon ɗalibin makarantar, Matthew Bloxam, shi ya fara rubuta shi a 1876, shekara huɗu bayan mutuwar Ellis, kuma bai ga abin da idonsa ba. Abin da yake tabbatacce shi ne, ɗaliban makarantar sun rubuta dokokin wasansu a 1845, kuma da suka gama karatu sun tafi da shi jami'o'i da barikokin soja da asibitoci da ofisoshin Landan.

A 1863 aka yi tarurruka a Landan domin a haɗa dokokin ƙwallo su zama ɗaya. An sami saɓani a kan abu biyu, gudu da ƙwallo a hannu da kuma shurin ƙwaurin abokin karawa. Da aka haramta su, sai kulob ɗin Blackheath ya janye, kuma daga nan hanya ta rabu biyu. Ranar 26 ga Janairu, 1871, wakilan kulob 21 suka taru a Landan suka kafa ƙungiyar da ake kira Rugby Football Union, wadda za a riƙa ambata da uwar ƙungiya. Bayan wata biyu, ranar 27 ga Maris, aka yi wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa a filin Raeburn Place na birnin Edinburgh, mutum ashirin-ashirin a kowane ɓangare, Sikotilan ta ci Ingila. A 1877 aka rage 'yan wasa zuwa goma sha biyar-biyar a wasannin ƙasashe.

Ya kamata a lura da irin mutanen da suka kafa uwar ƙungiya. Yawancinsu tsofaffin ɗaliban makarantun kwana ne na 'ya'yan masu hali, lauyoyi da likitoci da 'yan kasuwa, waɗanda wasa bai taɓa hana su cin abinci ba. A wurinsu wasa sha'awa ce da sada zumunci. Magatakardan wannan kulob shi zai rubuta wa na wancan wasiƙa su tsai da rana, a yi wasa, a ci abincin dare tare. Wannan tsari yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: kowane kulob yana da ikon zaɓen wanda zai yi wasa da shi, da ƙin wanda bai ɗauka tsaransa ba. Gasa kuwa ba ta san wannan ba. Wanda ƙuri'a ko jadawali ya haɗa ka da shi, tilas ka kara da shi, ko ɗan wane ne, kuma idan ya ci ka za a rubuta.

3.0 Kofunan Farko

Gasannin da suka fara bayyana ba su tayar wa kowa hankali ba, domin na cikin gida ne. A 1872 aka fara karawar shekara-shekara tsakanin jami'o'in Oxford da Cambridge. A 1875 aka sa kofi tsakanin asibitocin koyarwa na Landan, asibitin Guy's ya fara ɗauka, kuma wannan kofi shi ne mafi daɗewa a tarihin wasan. Har ila yau akwai Kofin Calcutta, wanda asalinsa Turawan da ke zaune a Indiya ne. Da kulob ɗinsu na birnin Calcutta ya mutu, sai suka narkar da sauran kuɗin azurfa da ke cikin asusunsa, rupi 270, aka ƙera kofi aka aika wa uwar ƙungiya. Masu kyautar sun so a yi gasar kulob-kulob a kansa. Uwar ƙungiya ta ga ya fi dacewa a mai da shi kofin karawa tsakanin Ingila da Sikotilan, kuma haka aka fara a 1879, aka tashi kunnen doki. Wannan zaɓi kaɗai ya isa ya nuna inda zuciyar shugabannin take.

A arewacin Ingila al'amarin dabam ne. Lardunan Yorkshire da Lancashire ƙasar masaƙu ce da mahaƙan kwal, garuruwa cunkushe kusa da juna, jirgin ƙasa yana haɗa su. Tun daga dokar masana'antu ta 1850 masaƙu suka fara tashi da ƙarfe biyu na rana ran Asabar, saboda haka ma'aikata suka sami yammaci guda na kansu. 'Ya'yan masu masaƙun su suka kawo wasan, amma ba a daɗe ba ma'aikata suka shiga, majami'u da unguwanni da masana'antu kowa ya kafa kulob.

A kakar wasa ta 1877-78 manyan kulob-kulob na Yorkshire suka sa kofin lardi, kulob 16 suka shiga, Halifax ta ci York a wasan ƙarshe. Wannan kofi shi ya sauya kome. Wasa ya tashi daga zumuncin 'yan wasa talatin ya zama martabar gari. Idan kulob ya ciwo kofi, jama'a sukan tarye shi a tashar jirgi da kaɗe-kaɗe, a zaga gari da shi. A 1882 kulob ɗin Thornes, na wata 'yar ƙaramar unguwar ma'aikata, ya ci Wakefield Trinity mai suna a wasan ƙarshe, ya tabbatar wa kowa cewa a fagen gasa asali ba ya cin wasa. Kulob-kulob suka kewaye filayensu da shinge, suka fara karɓar kuɗin ƙofa, suka kuma shiga neman gwanayen 'yan wasa ko daga ina.

A wannan kakar wasa ta 1877-78 ce kuma aka fara kofin kudancin Wales, Newport ta ɗauka. A Sikotilan kuwa, a garin Melrose, wani mahauci mai suna Ned Haig ya ba da shawarar a yi gasar yini ɗaya ta mutum bakwai-bakwai domin a tara wa kulob kuɗi. An yi ta a 1883, kuma ita ce asalin zari-rugar mutum bakwai da ake yi a wasannin Olamfik tun 2016. Abin lura a nan shi ne, duk inda talakawa suka rungumi wasan, nan gasa ta fara tsirowa.

4.0 Gasar Ƙasashe da ta Larduna

Sikotilan ta kafa ƙungiyarta a 1873, Ayalan ta haɗa nata a 1879, Wales ta biyo a 1881. Daga 1883 ne ake lissafin gasar ƙasashe huɗun nan, wadda Ingila ta fara ci. Gasar ta daɗe ba ta da kofi nata, jaridu ne suke tara sakamako su faɗi zakara. Duk da haka ba ta rasa rigima ba. A 1884 aka yi gardama a kan wani ci da Ingila ta yi wa Sikotilan. Ingila ta ce tun da ita ta rubuta dokoki, ita ke da ikon fassara su. Sauran ƙasashen uku suka ƙi, suka kafa hukumar ƙasa-da-ƙasa a 1886, suka daina wasa da Ingila a 1888 da 1889, har sai da ta shiga hukumar a 1890. Faransa ta shigo gasar a 1910 suka zama biyar, Italiya kuma ta cika su shida a shekarar 2000.

A cikin gida, uwar ƙungiya ta yarda da gasar larduna a 1889, domin ita ba ta kulob-kulob ba ce, kwamitocin lardi ne suke zaɓen 'yan wasa. Sakamakon bai yi wa mutanen Landan daɗi ba. A cikin gasanni takwas na farko, daga 1889 zuwa 1896, Yorkshire ta ci bakwai, Lancashire ta ci ɗaya. Ƙarfin wasan ya koma arewa, ya koma hannun masu aikin ƙarfi. A 1894 Dicky Lockwood, ɗan ƙwadago daga Yorkshire, shi ne ya shugabanci 'yan wasan Ingila, mutumin da 'yan shekaru kafin nan aka gurfanar da shi gaban kwamiti bisa zargin karɓar kuɗi, aka kuma wanke shi.

5.0 Lig da Batun Lada

Zargin karɓar kuɗi ya zama ruwan dare tun bayan zuwan kofi. Mai aikin masaƙa ko mahaƙa ladansa na yinin da ya yi aiki ne. Idan kulob ɗinsa yana da wasa a wani gari, dole ya bar aikin safiyar Asabar, a yanke masa lada. Idan ya karye a fili, iyalinsa su kwana da yunwa. Ga kuma dubban mutane sun biya kuɗi sun shigo domin su kalle shi. Saboda haka kulob-kulob suka riƙa saka wa 'yan wasa a ɓoye, wani a ba shi kuɗi, wani a sama masa aiki mai sauƙi, wani a ba shi cinyar rago ko yadin kwat.

Hukumar ƙwallon ƙafa ta fuskanci irin wannan matsala, ta halatta biyan 'yan wasa a 1885. Shugabannin zari-ruga sun ga abin da ya biyo baya: kulob-kulob na tsofaffin 'yan makaranta sun daina cin kofi, na garuruwan masana'antu sun mamaye fage. Suka yi niyyar kada abin da ya ci Doma ya iso Awai. A watan Oktoba na 1886 uwar ƙungiya ta kafa dokoki masu tsanani da suka haramta kowane irin lada. A Yorkshire wani limamin Kirista kuma shugaban makaranta, Frank Marshall, ya ɗauki aikin farautar masu karya dokar, har ya kai ƙarar kulob ɗinsa na Huddersfield aka dakatar da shi a 1893.

Ana cikin haka sai lig na ƙwallon ƙafa, wanda aka fara da kulob 12 a 1888, ya soma janye 'yan kallo, musamman a Lancashire. Dalilin a fili yake. Kofi yakan ƙare wa kulob a rana ɗaya, sauran kakar wasa sai wasannin zumunci waɗanda abokin karawa yana iya fasawa. Lig kuwa yana ba da tabbacin wasa mai ma'ana kowace Asabar, da kuɗin ƙofa da za a iya lissafawa tun farkon shekara. A 1892 manyan kulob-kulob na Yorkshire da na Lancashire suka kafa nasu lig-lig, kwamitocin lardi suka amince ba da son ransu ba. Nan take wata gardama ta taso: wa ke da ikon cewa wannan kulob ya hau, wancan ya sauka? Kwamitin lardi ko kuwa su manyan kulob-kulob ɗin da kansu? Gardamar lada da gardamar iko suka haɗu suka zama ɗaya.

Ranar 20 ga Satumba, 1893, aka yi babban taron uwar ƙungiya a Landan. James Miller na Yorkshire ya kawo shawarar a yarda a biya ɗan wasa diyyar ladan aikin da ya rasa saboda wasa, ba ƙari a kai. Mutanen arewa suka cika jiragen ƙasa suka zo, amma na kudu sun riga sun tattara ƙuri'un wakilci. Aka kayar da shawarar da ƙuri'a 282, masu goyon baya 136. A shekara mai zuwa aka dakatar da Leigh da Salford da Wigan, lig ɗin Lancashire ya rikice. Da aka ji cewa za a ƙara tsananta dokoki a 1895, manyan kulob-kulob suka ga cewa zama ya ƙare.

Ranar 29 ga Agusta, 1895, wakilan kulob 21 suka taru a otal ɗin George na garin Huddersfield. Ashirin suka jefa ƙuri'ar ficewa, Dewsbury kaɗai ta ƙi. Stockport da Runcorn suka biyo baya, suka cika 22, aka kafa Ƙungiyar Arewa, aka yanke diyyar sule shida a yini ga wanda ya bar aikinsa. Uwar ƙungiya ta mai da martani da haramta wa mutanenta kowace irin hulɗa da su. A cikin wannan shekara ce kuma ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar Rugby ta kafa kwamitin binciken asalin wasan, wanda ya ɗaukaka labarin Webb Ellis, har aka kafa masa allon tunawa a bangon makarantar a 1900. Masana da dama suna ganin ba banza ba aka tuna da wannan labari a daidai lokacin da ake jayayya a kan ko wasan na wane ne.

6.0 Gasannin Ƙungiyar Arewa

Kwana tara bayan taron Huddersfield, ranar 7 ga Satumba, 1895, aka fara lig. Kowane kulob ya yi wasa 42, kulob ɗin Manningham na birnin Bradford ya zama zakara, ya fi Halifax da maki ɗaya tak. Tafiye-tafiyen sun yi yawa, saboda haka a shekara ta biyu aka raba lig ɗin gida biyu, na Yorkshire da na Lancashire, aka kuma sa kofin sili-ɗaya-ƙwale wanda ya haɗa kowa. Ranar 24 ga Afrilu, 1897, Batley ta ci St Helens da maki 10 da 3 a filin Headingley na birnin Leeds, gaban 'yan kallo fiye da 13,000. Har yanzu ana gasar wannan kofi, kuma a 1929 aka fara kai wasansa na ƙarshe filin Wembley na Landan.

Wasan da ya dogara ga kuɗin ƙofa dole ya faranta wa mai kallo rai, kuma idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1897 Ƙungiyar Arewa ta ƙara darajar dangwala ƙwallo a kan bugun ƙafa, ta kuma soke jeruwar da ake yi a gefen fili idan ƙwallo ya fita. A 1898 ta halatta biyan lada a fili, da sharaɗin ɗan wasa ya kasance yana da wata sana'a. A 1906 ta rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13, ta kawo sabuwar hanyar ci gaba da wasa bayan an kayar da mai ƙwallo, domin a rage dogon turereniya a ƙara gudu. Da haka wasa ɗaya ya zama biyu, kuma a 1922 ƙungiyar ta ɗauki sunan Rugby Football League, watau ta sa wa kanta sunan tsarin gasar da aka yi faɗa a kansa.

Kowane ɓangare ya ɗanɗana kuɗarsa. Uwar ƙungiya ta rasa kusan rabin kulob-kulob ɗinta cikin shekara goma, Ingila kuma, wadda ta ci gasar ƙasashe a 1892, ba ta sake ci ba sai a 1910. Ita ma Ƙungiyar Arewa ba ta iya tsai da ƙwallon ƙafa ba. Manningham, zakaranta na farko, ta bar zari-ruga a 1903 ta zama kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Bradford City.

7.0 Gasa a Ƙetare

Ƙasashen da wasan ya je daga baya kowace ta bi hanyar da ta dace da halinta. Faransa ba ta gaji tsoron gasa ba. Ranar 20 ga Maris, 1892, aka yi wasan zakarun ƙasa na farko a Faris tsakanin Racing Club da Stade Français, Racing ta ci 4 da 3, alƙalin wasan kuwa shi ne Pierre de Coubertin, wanda daga baya ya farfaɗo da wasannin Olamfik. Da aka buɗe gasar ga larduna a 1899, kulob ɗin birnin Bordeaux ya ɗauka, wasan kuma ya kafu a garuruwan kudu maso yamma. Abin da ya faru a Yorkshire sai ya maimaitu. A 1929 ɗan ƙaramin garin Quillan ya zama zakaran Faransa, bayan wani mai masana'antar huluna, Jean Bourrel, ya tattaro gwanaye ya ba su aiki a kamfaninsa. A 1931 ƙasashen Birtaniya suka kori Faransa daga gasar ƙasashe bisa zargin biyan 'yan wasa da yawan faɗa, suka kuma ɗora laifin a kan gasar kulob-kulob ɗinta. Ba ta sake buga wasa a cikinta ba sai a 1947.

A Afirka ta Kudu larduna aka ba fifiko. An yi gasarsu ta farko a 1889. A 1891 'yan wasan Birtaniya suka kawo ziyara ɗauke da kofin da attajirin jiragen ruwa Donald Currie ya bayar, suka miƙa wa lardin Griqualand West, shi kuma ya bai wa hukumar ƙasa, daga 1892 aka fara gasa a kansa, Western Province ta ci. Wannan gasa ta Turawa ce zalla. Waɗanda ba farare ba sun kafa tasu hukumar a Kimberley a 1897 da nasu kofin, kuma ba a haɗa hukumomin wasan wuri ɗaya ba sai a 1992. A can launin fata ne ya yi aikin da matsayi ya yi a Ingila.

Niyu Zilan ta zaɓi tsarin ƙalubale. Gwamnan ƙasar, Lord Ranfurly, ya ba da garkuwa, aka miƙa ta ga lardin Auckland a 1902, Wellington ta ƙwace ta a karawar farko a 1904. Ƙasar ba ta kafa lig na larduna ba sai a 1976. A Ostireliya kuwa an sami rabuwa irin ta Ingila. Wani ɗan wasa na Sydney, Alec Burdon, ya ji rauni a kafaɗa a 1907, ya rasa aikinsa na ɗan lokaci ba tare da diyya ba, alhali hukumar wasan tana tara kuɗin ƙofa mai yawa. A watan Agusta na wannan shekara aka kafa sabuwar ƙungiya, fitaccen ɗan wasan ƙasar, Dally Messenger, ya koma cikinta, aka fara lig a 1908 bisa dokokin Ƙungiyar Arewa, South Sydney ta zama zakara.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa hasashen shugabannin farko bai yi kuskure ba. Sun ce gasa za ta kawo kuɗi, ta kuwa kawo, a Yorkshire da Quillan da Sydney. Inda suka kauce shi ne zaton da suka yi cewa hani zai magance abin. Hanin ya kori ma'aikatan arewacin Ingila, amma a Wales da Faransa, inda wasan ya zama na jama'a, an ci gaba da biya a ɓoye, hukumomi suna kau da kai domin gudun wata rabuwar.

Sannu a hankali abin da aka ƙi ya shigo ta ƙofa. Kulob-kulob na iyakar Sikotilan sun kafa ɗan lig nasu tun 1901, ƙasar ta yi na gaba ɗaya a 1973, Ingila ta yi kofi a 1971 da lig a 1987, Wales ta yi lig a 1990. Masu wasan mutum 13 sun yi gasar kofin duniya tun 1954 a Faransa, masu mutum 15 sai a 1987, suka kuma sa wa kofin sunan Webb Ellis. Ranar 26 ga Agusta, 1995, hukumar ƙasa-da-ƙasa ta zauna a Faris ta halatta biyan 'yan wasa, saura kwana uku a cika shekara ɗari da taron Huddersfield. Amma a lokacin dokokin wasannin biyu sun riga sun yi nisa da juna, kowane yana da nasa kulob-kulob da magoya baya da tarihi, saboda haka har yau suna nan a rabe, ko da yake sule shidan da ya raba su ya daɗe da daina zama abin gardama.